Sawu a Ɗanyen Fenti

Ina tankaɗen garin tuwo ne Alhaji Dabo ya yi sallama. Ba ya zuwa gidanmu na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, da rana tsaka, sana'arsa ta tura motoci da kaya gida ba ta barinsa. Ya tsaya a ƙofa yana fama da igiyar takalmi kamar bai taɓa kwance ta ba. Da na hango liman a bayansa sai na ajiye rariyar.

"Wanne ne?" na ce. 'Ya'ya biyu gare ni a garin nan, wanda na haifa, da Ma'aruf ɗan ƙanwata marigayiya, wanda na shayar da nonona.

"Dakta ne, Hajiya. Sai haƙuri."

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba. Kowa Dakta yake ce masa, ni ma haka. Sau ɗaya zan rubuta shi a nan: Abdurrahim.

Suka ce daga rufin wata tsohuwar bargar dawakai ya faɗo, can Summerfield, inda yake gwajin fentinsa. Tsohuwar Baturiya mai gonar ce ta tsince shi da hantsi. Ba takalmi a ƙafarsa, takalman na ajiye a gefensa a jere.

Sai na ɗan faɗi abin da ya kai shi kan rufin. Mu mutanen ƙasar Anka ne. Shekarar da gubar dalma ta shigo mana ta dutsen zinariya da ake dakawa a tsakar gida, jikokina biyu na wajen 'yata suka tafi. Dakta yana karatu a lokacin. Ya ce mini, "Inna, ba a dutse kaɗai take ba. Fenti mai ruwan ɗorawa da ake sayarwa da araha a kasuwa, da yawansa da dalma a ciki." Daga nan ya ɗora rayuwarsa a kan abu ɗaya. Yana haɗa ƙasa da ƙarfe da wasu garuruwan duwatsu, ya gasa su a tanda har su ba da launi, launin da ba guba, kuma in an shafa wa kwano sai ya mayar da zafin rana inda ya fito. "Ɗaki zai yi sanyi ba fanka, ba a jira wuta ta dawo," haka yake cewa. Ni ce na ce ya yi kore, don makarantu kore suke so. Ya yi dariya, ya yi koren.

Kafin hukuma ta ba mu gawar, magana ta riga ta zaga gari. Suwaiba matarsa ta gaya wa 'yan sanda gaskiya, cewa kwanakin ƙarshe ba ya cin abinci, kuma ta ji shi a kan sallaya yana cewa, "Na kashe yara da hannuna." Aka haɗa wannan da takalman da aka jera. Matan da ke zuwa ta'aziyya sai su ce "Allah Ya yafe masa" da wata irin murya, su kalli ƙasa. Ranar jana'iza an gaya mini wasu manya sun tsaya a jikin motocinsu, ba su shiga sahu ba. Ma'aruf ne ya kama makara daga farko har ƙarshe, ya ƙi a karɓe shi.

Mutuwa na san ta, na binne miji, na binne jikoki. Abin da ya hana ni haɗiyar ruwa shi ne in ɗana ne ya jefa kansa, to ina yake yanzu? Ina ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in sauke shi ban yi ba.

*

Malam Chaïbou maƙwabcinmu ne, mutumin Damagaram. A Nijar ma'aikacin gandun daji ne, shekaru yana bin sawun masu harbin namun da aka hana, a nan kuma tirela yake ja. Ya zo gaisuwa bayan mutane sun ragu, ya zauna a bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Pardon, Hajiya. Ta wane gefe aka same shi kwance?"

Na ce ban sani ba. Ba wanda ya tambaya.

"In kin yarda, mu je mu gani kafin a yi ruwa."

Na nemi Ma'aruf ya kai mu, ya ce zuciyarsa ba za ta iya ganin wurin ba. Ban ga laifinsa ba. Malam Chaïbou ya ɗauke ni da Suwaiba a motarsa.

Mai gonar ta fito da karenta, ta rungume ni tana kuka. Malam Chaïbou ya yi mata tambaya da Turancinsa na direbobi, Suwaiba tana mayar mini da Hausa. Matar ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne kyan kwanciyarsa. Sai ta kwanta a ciyawa don ta nuna mana. Ta kwanta a kan gefen dama, ƙafafu a miƙe, hannuwa a jiki, fuska na kallon wani dogon itace can nesa. Ta rufe ido.

Malam Chaïbou ya kalli rana, ya kalli itacen.

"Hajiya, in za ki yi salla a nan, ina za ki kalla?"

Na nuna itacen. Nan ce alƙibla.

"Wanda ya faɗo daga sama ba ya zaɓen gefe," ya ce. "An gyara shi. An rufe masa ido. Akwai mutum a nan, kuma ya san yadda ake yi wa mai barin duniya."

Ƙasar wurin ja ce, motar asibiti da takalman 'yan sanda sun tattake ta. Bai ɓata lokaci a nan ba. Ya zagaya bayan bargar a sunkuye, hannuwansa a baya, har ya isa wani famfo da ake ba dawakai ruwa. Ya tsuguna ya daɗe. Ya kira ni ya nuna mini laka da ta bushe.

"Wani ya tsuguna a nan irin tsugunon alwala. Ga inda ya dafa. Ya goge ƙafa da yashi, ya goge, ya sake gogewa. Dubi yashin."

Yashin kore ne.

Ya hau tsani. Rana tana tsakiya, irin wadda in ka taɓa ƙofar mota sai ka janye hannu. Na ga ya dafa kwanon da tafin hannu ya bar shi a kai. Da ya sauko fuskarsa ta canza.

"Akwai layi guda da aka shafa wa sabon fenti ran nan. Wani ya taka shi ɗanye, ƙafa ba takalmi, sawun ya bushe a ciki. Jandarmomin, 'yan sandan nan, sun gani, sun ɗauki hoto. Da yake sun same shi ba takalmi, sun ɗauka tasa ce, suna jiran rahoton likita. Ni ma da haka zan ɗauka, in ban ga kwanciyar ba."

"To ta wace ce?"

"Ban sani ba tukuna. Amma rufi ne mai duhu, cikin wannan zafi. Ba mai cire takalmi ya hau shi, sai wanda ya san ba ya ƙuna."

*

Alhaji Dabo ne ya yi wa Dakta wanka, don haka gidansa na Sedgefield muka nufa washegari. Bakano ne, shi da Malam Chaïbou ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba, ko a gidan makoki.

"Badamagare, an ce ka zama ɗan sanda. Wa ya ba ka kaki?"

"Wanda ya ba Bakano gida kusa da filin ƙwallon masu kuɗi, alhali ko sandar bai iya riƙewa ba. Alhaji, ƙafafunsa nake tambaya. Ka wanke su?"

Alhaji ya daina murmushi. Ya kalle ni, na ce ya faɗa.

"Na wanke. Fes suke, kamar na jariri. Mutumin da kullum yana cikin takalmin but."

"Ba kore? Ko a farce?"

"A hannu akwai. A ƙafa babu."

Malam Chaïbou ya juyo gare ni. "Voilà. Sawun ba nasa ba ne."

Na rufe fuska da mayafi. Wannan ne kukan farko da na yi mai hawaye.

Da muka fito Suwaiba ta ce, "Baba Chaïbou, shi kansa Alhajin fa? Shi ya san yadda ake gyara gawa fiye da kowa."

"Kin ga yadda ya tashi daga kujera? Gwiwar nan ba ta hau tsani ba tun kafin a haife ki."

*

Da labari ya fita cewa akwai wani a kan rufin, sai bakin mutane ya juya kan Justin Dachung. Ɗan Jos ne, Kirista, shi ne abokin aikin Dakta, tare suka kafa ɗan kamfanin. An ji su suna ɗaga murya kwanaki kaɗan kafin rasuwar. Waɗanda jiya suke cewa ɗana ya kashe kansa, yau su ne masu cewa tun farko ba su yarda da wannan abota ba.

Mun same shi a lab ɗinsu, inda suke gwaje-gwajen fentin, ɗaki biyu ne a bayan wani sito. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, "Mama, sannu da haƙuri," ya kasa ɗagowa.

"Me kuka yi faɗa a kai?" in ji Malam Chaïbou.

Ya fita da mu waje inda ya jingina guntayen kwano biyu a rana, duka kore, ido ba ya raba su. Ya ce in taɓa. Na farkon ɗumi ne kawai. Na biyun ya ƙona ni.

"Na farkon namu ne, Mama. Na biyun daga gida aka aiko shi, daga rufin makarantar da muka ba kyauta don gwaji. Wani malami ya ce ajujuwan baya ba su yi sanyi kamar na gaba ba, ya yanko ya aiko. Muka auna. An haɗa garin fentinmu da fenti ruwan ɗorawa na kasuwa. Dalma ce fal."

Na san makarantar, a garinmu take. Na kuma san abin da shi bai faɗa ba. Ba rijiya a wurin. Da damina ana tara duro a ƙarƙashin indararo, ruwan rufin yaran suke sha.

"Ya kira shugaban makarantar ran nan ya ce a zubar da ruwan, a rufe ajujuwan," in ji Justin. "Wannan ban hana shi ba. Amma ya ce zai kai wa hukuma a can da nan, ya faɗi komai. Na ce ya jira mu ga lauya, in ba haka ba aikin shekara da shekaru ya mutu, ba wanda zai sake yarda da fentin. Ya ce mini 'ya'yana ba daga duro suke sha ba. Na faɗa masa magana mara daɗi. Ita ce ta ƙarshe tsakaninmu."

"Wa ya haɗa?"

"Bai faɗa mini ba. Ya ce sai ya ji daga bakin mutumin. Buhunan dai Alhaji Dabo ne ya tura su a kwantenarsa. Ma'aruf ya je gida ya tsaya kan aikin. Masu shafawa 'yan can ne. Hannu da yawa ya bi."

A mota Malam Chaïbou ya ce ba Justin ba ne. Ya zauna cikin Musulmi, amma mutum a firgice abin da hannunsa ya saba yake yi, kuma hannun Justin bai saba juya mamaci ba. Ni kuwa na ji sunan Ma'aruf ya wuce ta kunnena, na bar shi ya wuce. Na ce a raina 'yan can ne, ko wani a tashar jirgin ruwa.

*

Saura Hamissou, ɗan Maraɗi mai aikin rufi, wanda Dakta ke ɗauka in za a shafa babban wuri. Shi ya san rufin ba ya ƙuna, kuma tun ranar rasuwar ba a gan shi a masallaci ba. Malam Chaïbou ya yi kwanaki yana nemansa, ya same shi a bayan wani gidan abinci yana wanke tukwane. Ban je ba, abin da ya dawo ya gaya mini nake rubutawa.

Hamissou ya ce takardunsa ba su cika ba, shi ya sa da ya ji 'yan sanda ya ɓuya. Malam Chaïbou ya ce ya cire takalmi. Ya cire yana cewa, "Tsoho, in aure za ka ba ni, fuska ake dubawa." Ƙafar faffaɗa ce kamar faranti, ba ita ba ce.

Amma ya faɗi wata magana. Ya ce shi tun da ya zo ƙasar nan kamfani ya saba masa da but, har ya manta hawa da ƙafa. "Kafintocin gida ne ke cire takalmi a gindin tsani. Ƙafa ta fi kama kwano, kuma ba ta lotsa shi. Sai mutum ya shekara da yawa a nan yake bari."

Malam Chaïbou ya faɗi wannan yana kallon tabarma. Ma'aruf kafinta ne a Gusau kafin Dakta ya kawo shi.

"Kafintoci da yawa ne a duniya," na ce.

"Da yawa ne, Hajiya." Ya ɗago kai. "In kin ce in tsaya nan, na tsaya. Ba nasa ba ne sawun, wannan kin riga kin sani. Sai dai mutane ba za su yarda da bakin direban tirela ba in ba a ga mai ƙafar ba."

Na tuna waɗanda suka tsaya a jikin motocinsu. Na ce ya ci gaba.

*

Ranar da aka taru yi wa Dakta addu'a, falo ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har tsakar gida. Takalma sun taru a ƙofa. Justin ya zo da matarsa, suka zauna a gefe mutane na kallonsu ta wutsiyar ido. Hamissou ma ya zo, Malam Chaïbou ne ya lallaso shi. Ma'aruf na ta kai da kawo da farantan abinci.

Da lokacin azahar ya yi maza suka yi layi a famfon bayan gida. Ina kallo ta tagar kicin. Malam Chaïbou ya tsaya a ƙarshen layi, da aka ta da salla kuma ya tsaya a sahun baya shi kaɗai, duk da akwai wuri a gaba.

Bayan an shafa fatiha baƙi suka fara tafiya. Ya roƙi liman da Alhaji Dabo da Justin da Hamissou da Ma'aruf su dakata. Ni da Suwaiba muka zauna a bakin ƙofar falo.

Ya faɗi abin da ya gani daki-daki, kwanciyar, famfon, sawun, maganar Alhaji kan ƙafafun Dakta. Justin ya faɗi zancen makarantar. Liman ya yi salati a hankali.

"Wato dai ni ko Hamissou," in ji Alhaji Dabo. "Faɗi kawai, Badamagare, ka daɗe kana nemana."

Ba wanda ya yi dariya.

"Fentin nan an yi shi ne don ya jure rana da ruwa," in ji Malam Chaïbou. "Yashi ba ya fitar da shi daga gefen farce. Yau kowa ya wanke ƙafa a famfo, mutum ɗaya ne ya yi shafa a kan safa. Ya halatta, liman na nan. Amma cikin wannan zafi, tun ranar jana'iza ban ga ƙafarsa ba." Bai kalli kowa ba. "Sawun na hagu ne. Akwai tsohon tabo a dunduniya, ya taso daga gefe ya lanƙwasa ciki, kamar na lauje."

Ba lauje ba ne, fartanya ce. Yana ɗan shekara shida ya taka ta a gonar gero. Ni na goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, jininsa na bin zanena.

"Ma'aruf," na ce, "cire safar."

"Inna."

"Cire."

Ya zauna a ƙasa ya cire. Fatar ta saɓule, ya zuba mata abin wanke buroshi har ta ƙone. Amma koren na nan a gefen farata da cikin faso.

Ya yi magana kansa a ƙasa, ba kuka. Ya ce da ya je gida wani attajiri ya ga ajin farko ya yi sanyi, ya nace sai an sayar masa da garin fentin don gidansa. Ya sayar da rabi. Da bai isa ajujuwan baya ba, ya sayo ruwan ɗorawa da shuɗi a kasuwa ya cika. Ya ce ya ɗauka iyakar abin ɗakin ba zai yi sanyi sosai ba.

"Kai ka ɗauki 'ya'yan yayarka zuwa maƙabarta," na ce. "A hannu ka ɗauke su."

"Na sani, Inna."

Ya ce Dakta ya kira shi gonar. Ya tarar da shi a sama, ya cire takalmi ya hau. Dakta ya tambaye shi, ya amsa. Dakta ya ce zai faɗi sunansa, don a san gidajen da sauran fentin kasuwar ya shiga. Ma'aruf ya roƙe shi, ya ce za a mayar da shi gida a ɗaure, a garinmu kuma ba zai kwana da rai ba. Dakta ya ciro waya. Ya kama hannun, Dakta ya fizge, shi kuma ya tura.

Suwaiba ta tashi ta shige ɗaki. Mun ji ta murɗa makulli.

"Da ka sauko yana da rai?" in ji Malam Chaïbou.

"Yana da rai."

"Ya daɗe?"

Ya ce, "Ya ɗan daɗe. Na cire masa takalma ina murza ƙafarsa, tana ta sanyi."

"Da waya a aljihunka," in ji Justin. "Asibiti na kusa, Ma'aruf."

"Na ciro ta. Na mayar."

Ni tambaya ɗaya gare ni, kuma a duk duniya shi kaɗai ke da amsarta.

"Ya yi shahada?"

Ya ɗago ya kalle ni. "Na laƙƙana masa, ya karɓa. Sau biyu. Sannan na juya shi."

Abin da na yi ta roƙo ke nan in ji. Na ji shi, ban ji wani sanyi ba.

Alhaji Dabo ya gyara murya ya ce wannan maganar gida ce, ni ce uwar jini, in na yafe ana iya saya masa tikiti a rufe zancen. Liman bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk suka zuba mini ido. In an rufe, to abin da za a ci gaba da faɗa a garin nan shi ne Dakta ya jefa kansa, 'yarsa Afnan ta girma da wannan. Su kuma gidajen can ba wanda zai bi su.

Na ce wa Justin ya kira 'yan sanda, shi ya iya Turancin. Ma'aruf bai gudu ba. Ya tambaye ni ko zai iya yin la'asar kafin su iso, na ce lokaci bai yi ba.

*

Ran Juma'a liman ya faɗa a masallaci cewa Dakta bai kashe kansa ba. An ce wasu daga cikin masu tsayawa jikin mota sun je kabarin. Ban tambayi sunayensu ba.

An cire kwanon ajujuwan baya. An auna jinin yaran, wasu an same su da ita, ana ba su magani. Wata yarinya 'yar aji biyu an ce ba ta gane karatu kamar da. Mutanen garinmu yanzu ba sa son jin zancen fentin, mai kyan ma sun sa an kankare shi, ajujuwan sun koma zafinsu. Justin ya riƙe lab ɗin iya ƙarfinsa, daga baya ya rufe ya kama aiki a wani gari. Tandar tana cikin garejinmu, Suwaiba ta rufe ta da bargo.

Malam Chaïbou ya koma tirelarsa. Yana gaishe ni daga nesa. Sau ɗaya ya ce mini da ya sani da bai tambayi gefen kwanciyar ba. Na ce ni ma ban san wanne ya fi ba.

Ma'aruf ya amsa laifinsa a kotu. A gidan yarin da yake ana barinsu su yi waya da yamma. Kullum bayan la'asar wayar gida na ƙara. Suwaiba ta ce a toshe lambar, na ce a bari. In na ɗauka, wata muryar mace ce da aka naɗa a na'ura take Turanci, sai ta tsaya, sai in ji shi da bakinsa ya ce, "Ma'aruf." Daga nan matar ta ci gaba. An gaya mini cewa take in danna lamba ɗaya in ina so a haɗa mu.

Ban taɓa dannawa ba. Amma kullum ina ɗauka, in saurara ko muryar ta mai lafiya ce, sannan in ajiye.